Awon Abin da Ba Ya Tsayawa, a Hanyar Gombe

Bayan azahar Sharon ɗinmu ta bar tashar Bauchi, an cusa mu kamar yadda aka saba, ga buhun barkono a but yana sa mu atishawa. Har muka haye gadar Dindima, inda hanyar Yankari ke rabuwa, ba mai magana sai wata Hajiya mai fataucin gwal da ke ta cinikin giram a waya.

Da ta ajiye wayar, dattijon da ke kusa da ni, malamin fizik ne a jami'a, ya ce, "Hajiya, kin san daga ina gwal ɗin nan ya fito?"

"Dubai mana, Malam."

Mota ta kwashe da dariya. Shi kuwa ya gyara zama ya ce tun kafin a yi duniyar nan aka ƙera shi. A watan Agustan 2017 masana sun hango karon wasu matattun taurari biyu, cunkushe da niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyi marasa caji da ke cikin cibiyar zarra, suka ga alamar a irin wannan karo ne ake samun ƙarafa masu nauyi irin su gwal. Cibiyar ƙwayar zarra takan yi ta haɗiyar niyutiron da sauri har ta ƙoshi, sannan ta rikiɗe. Sanin iya abin da za ta haɗiye kuwa sai an san nauyinta, domin cibiyar ba ta kai nauyin sassanta idan an tara su ba, kuma wannan ɗan giɓin shi ne ƙarfin da ya ɗaure ta.

Matsalar, in ji shi, irin waɗannan cibiyoyi ba sa zama. Misali, litiyam-11, wani nau'in sinadarin litiyam, na da furoton (ƙwayoyi masu caji na cikin cibiya) 3 da niyutiron 8, kuma cikin kusan kashi 9 cikin 1000 na daƙiƙa rabinsa ya watse. Duk da haka an auna nauyinsa a TRIUMF, wani ɗakin binciken nukiliya na Kanada, a 2008.

"Ranka ya daɗe, da wane sikeli?" direba ya tambaya, idonsa na kan ramukan Alkaleri.

Ba sikeli. Akwai na'ura da ake kira tarkon Penning: a jefa ƙwayar mai caji cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ta yi ta kewayawa, a lissafa sau nawa take zagayowa a daƙiƙa. Mai nauyi ba ta zagayowa da sauri. Direba ya ce ai wannan ya sani, tirela mai lodin siminti ba ta shan shataletale kamar ɗan acaɓa. Malam ya ce ya ci jarrabawa. Ni dai a ganina bayanin direban ya fi nasa shiga kai.

Daga nan hanya ta miƙe, gonakin dawa hagu da dama, rabin fasinja suka yi barci. Ni kaɗai na rage masa. Ya ba ni labarin kalsiyam-54 da aka auna a CERN, babban ɗakin binciken nukiliya na Turai da ke kusa da Janiba, a 2013: niyutiron 34 gare shi, alhali yawancin kalsiyam ɗin ƙashinmu 20 ne. Ya ce mu a nan muna da ƙaramin injin nukiliya na bincike a Zariya tun 2004, amma wannan awon sai dai ɗalibansa su karanta sakamakon wasu.

Muna shiga Gombe ana kiran magariba, na tambaye shi ina ake samo abin da ba ya daɗewa haka. Yana laluben canji a aljihu ya ce ƙera shi ake yi nan take, a harbi yuraniyam da furoton a tsinci ɓaraguzan. Ya sauka ya tsayar da Keke Napep, gidan ta'aziyya zai je kafin isha'i.