Ranar da ɗaliba ta ƙure ni a kan kalmar beef

A shekarata ta biyu da fara koyar da Turanci a wata sakandare, wata yarinya 'yar aji biyu ta ɗaga hannu tace malam, wai me yasa saniya cow ce amma namanta beef, tunkiya sheep namanta kuma mutton, mu da naman saniya kawai muke cewa mu huta? Wallahi na rasa ta cewa, sai nace mata haka Turanci yake ki haddace kawai. Na koma gida abin na ta cina a rai don na san korarta nayi.

Da daddare na zauna na bi diddigi. Ashe maganar ta faro ne tun 1066, shekarar da William na Normandy ya tsallako daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan sarakuna da fadawa Faransanci suke yi har tsawon ƙarnuka, talaka makiyayi kuma yana nan da Turancinsa na gado, shi cow da sheep ya sani tunda shi ke bin su da sanda, masu ci a akushin sarauta kuma boeuf da mouton suke cewa, a haka beef da mutton suka samu gindin zama. Ba dare ɗaya aka raba su ba fa, an daɗe ana kiran saniya mai rai ma da beef.

Wanda ya fi ɗaure min kai shine tea da shayinmu, ashe uwa ɗaya uba ɗaya ne daga Sin. Mutanen gaɓar Fujian te suke cewa, 'yan Holan suka kwaso ta a jirgin ruwa suka kai Turai, cha kuma, yadda wasu mutanen Sin ɗin ke faɗinta, ta biyo hanyar ƙasa ta Farisa ta shiga bakin Larabawa, mu muka karɓa a wurinsu. Sugar ma ta sukkar ɗin Larabci ta bi kamar sukarinmu, coffee daga qahwa wato gahawa. Ni da nake hana yara cewa tumatir a aji, ashe tomato ɗin ma aro ce daga mutanen Aztek na Meziko.

Washegari na shiga aji na ba yarinyar haƙuri a gaban kowa, na zana musu komai a allo. Ban ajiye alli ba ta sake ɗaga hannu, to malam chicken fa, ita me yasa ba ta canja suna ba? Nace ki ba ni zuwa Litinin.