Yinin da na bi ruwa a Battir

Da littafin rubutu na je Battir, wani garin Falasɗinawa, cike da shekarun tarihin garin da na kwafo: 135, 1892, 1949, 2014. Na ɗauka idan na isa zan riƙa duba su ɗaya bayan ɗaya ina sa alama, kamar mai karɓar kaya a tasha. Kafin azahar littafin ya koma aljihu, wandona ya jiƙe har gwiwa.

A watan Oktoban 2019 ne, muna ziyara a Ƙudus, na ware kwana ɗaya. Daga Baitalami na hau mota zuwa Bait Jala, daga nan na sauka a ƙafa ta kwarin Makhrur. Nan na fara cin karo da wautata, domin takalmin zuwa masallaci na sa, ga hanyar duk tsakuwa ce da gangara. Wanda zai bi ta nan ya nemi takalmi mai riƙe ƙafa, ya fita da sassafe, ya ɗauki gorar ruwa. Ni ko ɗaya ban yi ba.

Battir tana kudu maso yammacin Ƙudus, 'yan kilomitoci yamma da Baitalami, a Gaɓar Yamma. Mutanenta ba su kai dubu biyar ba a ƙidayar 2017. Gidajen suna manne a ƙirjin dutse, gonakin kuma sun sauka hawa-hawa har gindin kwari kamar matakalar bene. Kowane hawa katangar duwatsu ce ke riƙe da ƙasarsa, an jera su ba laka ba siminti, suna ce musu sanasil. Can sama inda ruwa ba ya kaiwa, zaitun ne da inabi da ɓaure, su da ruwan sama kawai suke rayuwa, wanda a can lokacin sanyi yake sauka, rani kuwa ko ɗigo babu. Ƙasa da idon ruwa kuma lambuna ne kore shar.

A bakin tafkin da suke kira na Rumawa na tarar da wani dattijo riƙe da sanda yana tsoma ta cikin ruwa. Na yi masa sallama da Larabcin Islamiyya, har da wasullan ƙarshe. Ya yi dariya, ya ce in zauna, ai liman ya zo. Na ce masa, "Baffa, ina kangon tsohon birnin yake?" Ya nuna tsauni da haɓa, ya ce, "Duwatsu ba za su gudu ba, ɗana. Ruwa ne ba ya jira."

Abin da yake yi da sandar shi ne abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Ruwan marmaro yana kwarara cikin tafkin ya taru. Zuri'a takwas ce a garin, kowace tana da yininta, sai an zagayo kwana takwas sannan a dawo kan ta farko. Shi ya sa suke raha cewa mako a Battir kwana takwas ne. A ranar kowace zuri'a, wani babba yakan auna zurfin ruwan da sanda, ya raba shi kaso-kaso bisa yawan gonar kowane gida. Idan ruwa ya sauka zuwa alamarka, rabonka ya ƙare, sai a toshe a buɗe wa na gaba. Da yake ana aunawa ne da abin da ya taru a ranar, shekarar da marmaro ya ja baya kowa ne ke ragewa tare. Na taso a gidan masu noman rani, na ga yadda ake zare wa juna ido a kan injin ban ruwa, saboda haka ban ɗauki wannan tsari da wasa ba.

Ya miƙo mini fartanya ya ce in bi ruwan. Magudanar siririya ce, ta bi gefen katanga, ta faɗa hawa na ƙasa, ta sake rabuwa. Aikin dai irin na fangali ne: ka buɗe baki, ruwa ya cika, ka toshe da ƙasa da tsumma, ka wuce. Sai dai a gangara ruwa yana da gaggawa. Na buɗe bakin da ba namu ba, kafin in ankara rabin fangalin maƙwabci ya sha. Garin gyarawa na taka gefen katanga, dutse ɗaya ya zame. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ɗauki dutsen, ya jujjuya shi har sau uku, ya zaunar da shi, ya cusa ƙanana a bayansa. Sannan ya ce zai gaya wa maƙwabcin, a cire daga rabonsa. Kunya ta ishe ni. Tun daga nan ban sake taɓa komai ba sai na tambayi ranar wa ce, fangalin wa ne.

A cikin fangalin akwai gautan da garin ya yi suna da shi, dogo, mai launin shunayya mai haske. Duk ƙasar Falasɗinu an san shi da sunansa na Larabci, baitinjan battiri.

Muna gindin kwari jirgin ƙasa ya wuce bai tsaya ba. A nan shekarun littafina suka fara ma'ana. Layin dogon Yafa zuwa Ƙudus an buɗe shi a 1892, zamanin Daular Usmaniyya, kuma Battir tana da tasha, ta nan kayan lambu ke shiga kasuwar Ƙudus. A yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1948 yawancin mutanen garin sun gudu. Wani ɗan garin, Hasan Mustafa, da 'yan tsirarun da suka rage suka riƙa kunna fitilu a gidajen da ba kowa, suna shanya wanki, don a ɗauka garin cike yake. Da aka yi yarjejeniyar tsagaita wuta tsakanin Isra'ila da Jodan a tsibirin Rodos a 1949, iyaka ta biyo kusa da layin dogon, wani yanki na gonakin ya faɗa ɓangaren Isra'ila. Amma an bar mutanen Battir su ci gaba da noma shi, bisa sharaɗin kada a taɓa jirgin. Garin ya zauna ƙarƙashin Jodan har 1967, lokacin da Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma.

Ban fara da tambayar siyasa ba, kuma na gode Allah da ban yi ba, don da kansa ya kawo zancen katangar da Isra'ila ta so ginawa ta cikin kwarin. Da an gina ta, da ta yanke magudanan. A watan Yunin 2014 UNESCO ta sa Battir cikin wuraren tarihi na duniya, ta kuma sa ta cikin waɗanda ke cikin haɗari a lokaci guda. A Janairun 2015 Kotun Ƙolin Isra'ila ta dakatar da batun ginin. Dakatarwa ce dai, kuma matsugunan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna irin su Beitar Illit suna nan kusa. A 2024 na ji an amince da wani sabo a ƙasar da ke tsakanin Battir da Bait Jala, wajen kwarin da na bi da takalmin masallaci.

Kangon kuwa sai da la'asar na hau. Khirbat al-Yahud suke ce masa, wurin da ake ganin shi ne Betar, inda Rumawa suka murƙushe tawayen da Yahudawa suka yi ƙarƙashin jagoransu Bar Kokhba a shekara ta 135. Tarin duwatsu ne da ciyawa, ban yi minti ashirin ba. Daga saman na hango dattijon ƙarami can ƙasa, ya koma bakin tafki da sandarsa.

Da na sauko ya cika mini leda da gauta. Na zaro kuɗi, ya ture hannuna. Na ce to me zan yi da shi a otal? Ya ce in kai wa mai dafa abinci, in ce daga Battir ne, zai san abin yi.