Na je Dagona neman baƙi, na tarar da sauro

Har yau in na tuna kuɗin motar da na kashe zuwa Gashua a watan Agusta sai raina ya ɓaci. Shekara biyu ina jin labarin Dagona, wurin nan na ƙasar Bade cikin fadamun Hadeja da Nguru, inda agwagin ruwa ke tasowa tun daga Turai su sauka. An ce har Yarima Philip na Ingila ya je kallonsu a 1989. Sai na yi wa kaina lissafi: tsuntsun ruwa ai ruwa yake bi, to bari in je lokacin da ruwa ya cika ko'ina. Ban tambayi kowa ba.

Da ƙyar mai babur ya kai ni bakin fadama, rabin hanya ma turawa muka yi cikin taɓo. Na sami wani dattijo masunci yana gyaran koma, na gaishe shi, na ce, "Baba, ta ina agwagin Turai suke sauka?" Ya dube ni, ya dubi tabaran hangen nesan da na rataya, ya yi dariya har da tafa hannu. "Ɗana, ai waɗannan baƙin sanyi ne. Sai an yi kaka, hazo ya sauko. Yanzu suna can garinsu suna ƙyanƙyasa." Wato daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Ni kuwa Agusta!

Tunda na riga na zo, ya ɗauke ni a kwalekwale muka ratsa ta tsakanin kacalla, ciyawar nan da ta toshe musu hanyoyin ruwa. A wata ƙaya da ta sunkuyo kan ruwa na ga kabare sun fi ɗari, mazan rawaya shar, kowanne na rataye da ƙafa a ƙarƙashin sheƙar da ya saƙa yana kaɗa fiffike yana surutu. Mace ta zo ta leƙa ciki, in bai yi mata ba ta yi gaba. Na kusa awa guda a nan, na manta da haushina. Sai belbela, sai shamuwa, wadda ita ce baƙuwar damina ta gaskiya, kuma ga ta nan a kan tsamiyar ƙofar gidanmu kyauta.

Da dare bayan an ɗauke ruwa gina ta taso ta rufe fitila, yara suna kwasa a kwano za su soya. Ina tsaye ina kallo da gajeren wando, ba gidan sauro a jakata. Kwana tara da komawata gida zazzaɓi ya kwantar da ni, kuɗin magani ya kusa kamo na mota.

Dattijon ya ce in dawo a Janairu, in kwana kusa, mu fita kafin rana ta ɗaga. Na riga na sayi gidan sauron. Matata ta ce wannan karon sai na nuna mata kalanda kafin in fita.