Ranar da yara suka ɓata mini shiri

Shekara ta biyu ke nan ina koyarwa a makarantar Lahadi lokacin da aka ce yarana za su yi waƙa a babbar sujada ranar Lahadin Dabino, ranar tunawa da shigar Yesu Urushalima. Su wajen 40 ne, daga 'yan shekara 4 zuwa 12. Asabar uku muka yi muna gwaji, tsumagiya na hannuna. Ba tsalle, ba dariya, kowa ya tsaya a layinsa. So nake su fito kamar ƙungiyar mawaƙan manya, a ce Malama ta iya aiki.

Ranar ta zo, suka shiga da ganyen dabino, fuska a murtuke kamar masu zuwa jana'iza. Baiti na biyu bai ƙare ba sai wata 'yar mitsitsiya a gaba ta fara tsalle tana ihun "Hosanna!" Kafin in harare ta, sauran sun kama. Wata uwa daga Zumuntar Mata ta jawo tulunta ta shiga bugawa, wata ta rangaɗa guɗa. Layin da na sha wahala a kansa ya watse, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Bayan an tashi, wani dattijon ikilisiya ya kira ni gefe. "Malama, nan ɗakin sujada ne ko kasuwa?" Na sunkuyar da kai na ce, "A yi haƙuri, Baba." Matar fastonmu tana kusa, ba ta sa baki ba. Da yamma ta aiko a ce in karanta Matiyu sura 21.

Na sha karanta wurin, amma ban taɓa lura cewa kasuwar da yaran suna cikin labari ɗaya ba. Yesu ya shiga Haikali ya kori masu saye da sayarwa, ya kife teburan 'yan canji. A nan kuma yara suke ta ihu suna yabonsa, suna kiransa Ɗan Dawuda, manyan firistoci da malaman Attaura suka ji haushi. Bai tsawata wa yaran ba, sai ya tuna wa manyan Zabura 8:2, inda aka ce daga bakin jarirai da masu shan mama yabo yake fitowa. 'Yan kasuwa ya kora, yaran ya bar su.

Na ajiye tsumagiya. Yanzu gajerun waƙoƙi nake zaɓa, masu amshi, ƙanana a gaba don su ga hannuna. Baba ma yana da tasa gaskiyar, don haka na koya musu cewa lokacin addu'a da wa'azi shiru ake yi. Abin da har yau ban shawo kansa ba shi ne liƙi. Iyaye su taso suna manna wa yaro kuɗi a goshi yana tsakiyar waƙa, daga nan hankalinsa ya koma kan naira, kuma wanda uwarsa ba ta da shi ya koma wurin zama jiki a sanyaye.

Na kuma fara bayyana ma'anar kalmomi kafin mu rera. Dalili kuwa, mako guda bayan wannan Lahadin na tambaye su me Hosanna take nufi. A Ibrananci roƙo ne, "ka cece mu". Wani yaro ya ɗaga hannu da ƙarfinsa ya ce sunan ƙanwar babansa ne.