Abin da saiwar wake da gyaɗa ta koya mini a ƙasar Sinnar

Tun ina yaro nake cirar gyaɗa a gonar mahaifina, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, ba nisa da Maiwurno. Idan muka tuge gindi sai mu karkaɗe ƙasa, mu duba 'ya'ya, mu tara harawa gefe guda. 'Yan ƙululun nan da ke manne a jikin saiwa, masu kamar ƙwayar gero, ba wanda ke kula su. Wasu manya ma cewa suke ciwo ne ya kama saiwar.

Sai da na je karatun aikin gona a Madani, wani malaminmu ya fitar da mu fili da hantsi, ya raba mana reza, ya ce kowa ya tuge gyaɗar da ta fara fure ya tsaga ƙululu ɗaya. Na tsaga nawa a kan farcen babban yatsa. Cikinsa ja ne, kamar naman da aka yanka yanzu. Ya ce wannan jan shi ne shaidar ana aiki a ciki. Idan ka ga fari, ko dai bai nuna ba ko kuma zaman banza ake yi, idan ka ga kore to ya tsufa ya gama. A cikin wannan ɗan ɗaki akwai ƙwayoyin bakteriya da ake kira rizobiya. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, sinadarin da muke sayen buhun yuriya dominsa, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Waɗannan halittu su ke kamo shi su mayar da shi abin da saiwa za ta sha, ita kuma shukar ta biya su da sukarin da ganyenta ya haɗa. Jan launin kuwa wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke jininmu, aikinsa ya riƙe iskar oksijin daidai wa daida, don idan ta yi yawa aikin ya tsaya. Ya kuma nuna mana yadda ake bambance shi da kumburin da tsutsar ƙasa ke yi: ƙululun alheri a gefen saiwa yake, ka murza da yatsa ya fita, na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Tun 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, ya ware wannan halitta ya rene ta a ɗakin bincike. Mu ma mun yi ta reno a faranti, a kan wani abinci mai kamar kamu da aka sa wa jan rini. Na gyaɗa da na wake ba sa gaggawa, sai ka yi mako guda kana leƙawa kafin ka ga ɗigo-ɗigo farare sun fito. A can ɗakin komai a sanyaye yake, komai a tsabtace. Na fito da takardata ina ganin na san abin.

Shekarata ta farko a matsayin malamin gona aka ba ni 'yan ledoji na garin rizobiya, an cuɗa shi da niƙaƙƙen gawayi, don mu gwada waken suya a ƙasar ban-ruwa. Waken suya baƙo ne a wajenmu, kuma yana da zaɓe: ba kowace rizobiya yake karɓa ba, tasa kuma babu ita a ƙasar da ba a taɓa shuka shi ba. Kawuna ya yarda ya ba ni gefen gonarsa. Na zuba ledojin a bayan a-kori-kura, wadda a nan muke ce wa bokis, a watan Yuni, muka yini muna zagaya ƙauyuka. Washegari na gauraya garin da iri a fili, na baza a tabarma cikin rana wai don ya sha iska, muka shuka da azahar. Bayan mako biyar ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa. Na tuge gindi goma, ko ƙululu ɗaya ban samu ba.

Na je na tsuguna gaban kawu na ce, "Kawu, a yi haƙuri, abin bai kama ba." Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni yadda na kawo shi, na faɗa masa tiryan-tiryan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kai da bakinka ka ce mini abin nan mai rai ne. Ka taɓa ganin an ɗauko 'yan tsaki a bayan mota da tsakar rana babu inuwa?"

Wannan tambaya ita ta gyara mini aiki. Na haddace cewa rizobiya ta fi son zafin da bai wuce digiri 30 ba, kuma da yawa daga cikinta tana mutuwa idan aka haura 40, na rubuta a jarrabawa na ci. Amma da aka miƙo mini ita a leda, hannuna ya ɗauke ta kamar takin zamani, abin da za ka jefa a sito ka manta. Fuskar ƙasarmu a bazara tana iya wuce digiri 50. Ita kuwa rizobiya ba ta da ɓawon da take shiga ta ɓuya kamar yadda wasu 'yan'uwanta irin su Basilus ke yi. Rana da bushewa suna kashe ta cikin 'yan sa'o'i.

Da shekara ta zagayo, kawu ne ya tsara ajiyar. Ya naɗe ledojin a jiƙaƙƙen buhu ya tura ƙarƙashin randa, inda ruwa ke ɗiga. Muka jiƙa ƙaron dakwara tun dare. Abin da ya ba ni sha'awa, littattafan da aka rubuta a ƙasashe masu nisa ma ƙaron nan namu suke cewa a yi amfani da shi don garin ya manne a jikin iri, ga shi mu muna da shi a kasuwa kamar ƙasa. Bayan sallar asuba muka yayyafa ruwan ƙaro a kan iri a cikin rumfa, muka barbaɗa garin, muka juya da hannu a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi-baƙi. Iya abin da za mu shuka a safiyar muka haɗa. Kafin rana ta yi zafi mun rufe ramuka, ruwa kuma ya biyo baya a ranar. Ba mu haɗa shi da hodar maganin iri ba, don wasu daga cikinsu suna kashe shi. Da fure ya fito na tsaga ƙululu a gabansa, ya karɓa ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

Darasi na biyu ya zo ta inda ban zata ba. Ganin waken suya ya yi kyau, sai na matsa a sa wa gyaɗa da wake irin wannan gari. Muka raba fili biyu, rabi da gari, rabi babu. Da kaka ban ga wani bambanci ba. Dalili a fili yake: ƙasar da aka shekara da shekaru ana noma gyaɗa da wake cike take da tata rizobiyar, 'yar gida, wadda ta saba da zafin wurin da baƙar lakarmu mai tsagewa da rani, kuma ita ke riga baƙuwar shiga saiwa. Tun daga nan ba na ce wa manomi ya sayi komai sai na tuge na gani. Idan ƙululu sun yi yawa kuma ja ne, kuɗinsa ya fi amfani a takin fosfet, don aikin kamo naitirojin yana cin fosfaras sosai. Kuma na daina barin mutane su zabga wa gyaɗa yuriya. Shuka idan ta samu naitirojin a sauƙaƙe ba ta ɓata sukarinta wajen ciyar da baƙi, sai ta ƙi yin ƙululun. Ka kashe kuɗi ka kuma kori mai yi maka aiki kyauta.

Maganar fari ita ce inda na fi taka-tsantsan, domin nan ne ake yawan cika baki. Gaskiya ne akwai bakteriyar da ke taimakon shuka ta jure ƙishi. Azospirilum, wadda Johanna Döbereiner ta yi suna wajen bincikenta a Barazil a shekarun 1970, tana zama a jikin saiwar dawa da masara, tana fitar da sinadarin da ke sa saiwa ta yi gashi ta yi rassa, ta kai ga damshin da da ba ta kai ba. Wasu suna fitar da yauƙi da ke riƙe danshi a kewayen saiwa ya kuma haɗa ƙasa ta yi gudaji. Wasu suna rage sinadarin etilin da shuka ke tarawa idan ta shiga wahala, wanda shi ke sa ta saurin karaya. A Saudiyya, masu bincike a jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, sun bi tsirran hamada suna tattara halittun da ke saiwarsu. Ɗaya da suka sa wa suna SA187 sun samo ta ne a ƙululun wani tsiro dangin baban rini a yankin Jizan, ta kuma taimaki ciyawar barsim ta jure ruwa mai gishiri. Hanyar tasu ta yi mini daidai, domin sun nemi maganin a wurin da wahalar take. Amma duk wannan taimako na 'yan kwanaki ne tsakanin ruwa da ruwa. Idan damina ta ɗauke wata guda a Gadarif ko a jigawar Kurdufan, babu garin da zai tsayar da dawa, kuma aikin ƙululun kansa yana cikin abubuwan farko da ke tsayawa idan ƙasa ta bushe. Duk wanda ya ce wa talaka ya sayi leda ya daina tsoron fari, ya zalunce shi.

Mahaifina bai taɓa jin kalmar rizobiya ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma bai taɓa maimaita dawa a inda ya yi dawa bara ba, sai ya sa gyaɗa ko wake a tsakani, kuma bai yarda a sare gawon da ke tsakiyar gona ba. Gawo da dakwara duk dangin wake ne, suna yin irin wannan ƙululu a saiwa. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana ya kuma ba shi taki. Mutanen Kurdufan kuwa suna barin gona ta huta ƙarƙashin dakwara shekaru, su ɗebi ƙaro, sannan su dawo su noma.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, buhun yuriya ya fi ƙarfin mafi yawan mutanenmu, inda ma ake samunsa ke nan, ledojin garin kuma sun yanke gaba ɗaya. Abin da ya rage a hannunmu shi ne abin da ke cikin ƙasar. Wanda zai shuka waken suya a sabon wuri, muna ce masa ya ɗebo ƙasa daga gonar da waken ya yi ƙululu ja kuma ba ta da ƙuduji ko wata cuta, ya barbaɗa a ramuka da sanyin safiya. Gonar kawu yanzu ita ce inda maƙwabta ke zuwa da kwano da buhu. Shi ke nuna musu gefen da za su ɗiba, kuma ba ya barin kowa ya tafi sai ya jiƙa buhun ya rufe.