Loma Huɗu Ta Tuwo

Wata goma sha huɗu ke nan da aka yi mini aikin rage tumbi a Alƙahira. Likita ya yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbina. Na shiga asibiti da kilo 138, yau ina 86.

Makonnin farko romo kawai nake kurɓa da ƙaramin cokali. Har yanzu loma huɗu ta tuwo ta ishe ni, bitamin B12 kuwa ba fashi. Gashina ya zube, fatar damtsena ta saki, wannan kam yana damuna.

Shekara shida a kan kujera nake sallah saboda gwiwa. Ranar da goshina ya taɓa darduma, na kasa ɗagowa don kuka. Hajiya ta leƙo ɗakin.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Lafiya lau, Hajiya. Sujada na yi."