Rijiyar da kwamitinmu ya kasa riƙewa

Shekara uku na yi ina aiki da wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse a Jos. Masu ba mu kuɗi daga Turai sun turo tsari a rubuce: kowace rijiya a kafa mata kwamiti, a yi zaɓe, a buɗe asusun banki, a riƙa rubuta bayanin taro. Muka bi shi sau da ƙafa a wata unguwa ta wajen Rikkos. Muddin ana raba kuɗin zama da lemo, taro cike yake. Da wa'adin aikinmu ya ƙare, famfo ya lalace, sakatare ya yi ƙaura da littafin, aka rasa wanda za a tuhuma.

Bayan wata biyu na koma, na tarar yara sun jera jarkoki, ruwa na zuba. Ashe mai unguwa ne ya tara magidanta bayan sallar isha'i, ya kuma aika wa faston cocin da ke ƙasan layi, tunda mutanensa ma nan suke ɗiba. Kuɗin gyara aka damƙa wa wata dattijuwa, uwar adashen matan unguwar. Na tambaye ta rasit. Ta kwance bakin zani ta nuna mini kuɗin, ta ce, "Ɗan nan, in na ci wannan, da wane ido zan shiga gidan suna?"

Wannan tambayar ta daɗe tana cina. Kwamitinmu ba wanda yake jin kunyarsa, shi ma ba ya jin kunyar kowa. Ita kuwa mutuncin shekara hamsin ta ajiye jingina.

Haka muka yi a ƙasa baki ɗaya. A 1979 muka ajiye salon mulkin Ingila muka ɗauko na Amurka. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774, bai ba mai unguwa ko dagaci wani aiki ba. Amma mu da muka ga rikicin Jos na 2001 da na 2008 mun san ƙofar da ake fara bugawa idan hankali ya tashi.

Na sani akwai mai unguwar da ke sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, akwai zauren da mace ba ta da bakin magana. Sai dai wannan gyara ne da 'yan unguwa suka san ta inda za su kama, don sun san gidan mutumin da wanda yake jin nauyinsa.

Da aka tura ni aiki na gaba, na bar takardun a mota, na fara da gaida mai unguwa, na tambaye shi wace ce ke riƙe adashe a nan.